Rigar Kogi

Ƙarfe ɗayan dare a Unguwar Rimi,
janareton maƙwabta ya yi shiru.
Saura ni da hasken kwamfuta
da shekara goma sha tara na kogin Kaduna,
tsayin ruwa na kowace safiya
a rubutun hannun Malam Mati,
wanda ya karanta sandar awo a gindin gada
har idonsa ya yi hazo.

Na zuba lambobin a rumbuna,
kowane rumbu santimita ashirin.
Suka miƙe tsaye, ginshiƙi gefen ginshiƙi,
dogo, gajere, dogo,
kamar masu jiran mota a Kawo.

Manhaja ta ce: ga siffar ƙararrawa, ɗauki.
Na ɗora musu.
Ta yi tozo a tsakiya, inda babu kowa,
ta bar kafaɗu biyu suna shan sanyi.
Rigar Kasuwar Bacci ce,
wani jiki aka auna, a wata ƙasa.

Inna tana ɗinki a Tudun Wada shekara talatin,
ban taɓa ganin almakashinta ya taɓa yadi ba
sai ta zagaye mutum da igiyar awo
tana gunguni, fil a bakinta.

To, na buɗe fili na rubuta tawa dabarar.
Tudu ɗaya siriri, na rani.
Tudu na biyu mai faɗi, na damina.
Sai jela da ke gangarowa dama a hankali,
don kwanakin da ruwa ya shiga ɗakunan mutane
ya fito da tabarmi da kaji.
Ma'auni bakwai, kowa da sunansa,
kowa na jiran in ba shi wurin farawa.

Na danna. Jan rubutu: bai daidaita ba.
Na sake. Layin ya yi sama ya fice daga allo.
Ashe faɗin tudun rani na bari a sifiri,
na ce wa na'ura ta raba da babu.
Dakta Yayock ya sha faɗa mini
kwamfuta makauniya ce mai sauri,
kai ta bakin hanya tukun, sannan ki saki sandar.
Na kalli ginshiƙan da idona,
na ƙiyasta, na kai ta.

A karo na ashirin da shida layin ya kwanta.
Ya hau rani, ya sauka, ya hau damina,
ya bi jelar har ƙarshe.
Na kusa tashin gidan da guɗa.

Amma ginshiƙi guda ya ƙi.
A mita biyu da rabi ya tsaya ƙiƙam,
kansa ya huda rigar.

Na koma littafin.
Kwana arba'in da ɗaya a jere, lamba ɗaya,
tawada ɗaya, kamar a zama ɗaya aka cike su,
daga tsakiyar Agusta,
lokacin da kogi ba ya kwana inda ya yini.

Da gari ya waye na kira ɗansa Tanimu.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Ya ce, a watan ne mahaifiyarmu take asibiti,
Baba bai bar bakin gadonta ba.
Ya ji tsoron kada a riƙe albashi.

Zan iya ƙara ma'auni na takwas,
ɗan tudu ƙarami ya haɗiye ginshiƙin,
lissafi ya yi sumul, kowa ya tafa.
Zan iya gogewa, ba mai tambaya.

Na cire rumbun daga gwajin,
na bar shi tsaye a zanen.
Layina ya wuce ta ƙarƙashinsa.
A ƙasan shafi na rubuta:
kwana arba'in da ɗaya, ba a auna ba.

Na ɗora ruwan shayi.
An fara yayyafi a kan kwano.